Dokina yana firgita da tuta da mashi: in ba shi maganin kwantar da hankali kafin wasan baraden Turai?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Ni mutumin Katsina ne, ina aiki a yankin Yorkshire na Ingila. Tun ina yaro nake hawan sallah a ayarin gidanmu, don haka sirdi ba baƙona ba ne. Bara na je kallon gasar karon mashi da ake yi lokacin Ista a filin gidan tarihin makamai na Royal Armouries da ke Leeds, abin ya shiga raina, har na samu wata ƙaramar ƙungiya ta masu kwaikwayon baraden Turai na da, suka ce in zo. Na sayi doki dandaƙaƙƙe ɗan shekara 7, irin gajerun nan masu kauri. Ranar da na gwada shi shiru-shiru, ba ruwansa. Yanzu kuwa da ya ga tuta tana kaɗawa, ko na ɗaga sanda a kansa, sai ya zabura gefe, har ya taɓa kayar da ni. Saura mako 5 a yi taron. Wani a bargar da nake ajiye shi ya ce in matsa masa maganin kwantar da hankali a baki kafin mu shiga fili, wai kowa haka yake yi. Wani kuma ya ce in ɗaure shi tam in yi ta kaɗa masa tamfol har ya gaji ya sallama. Uwargida ta ce in sayar da shi tun bai karya ni ba. Wanne zan ɗauka? Gaskiya hankalina ba a kwance yake ba. Na kashe kuɗi ba kaɗan ba, kuma ba na son in ji kunya a gaban mutane.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, sannu da faɗuwa, Allah ya kiyaye gaba. Shawarar mutanen bargar nan biyu kada ka ɗauki ko ɗaya. Taron kuma ka je, amma da ƙafa, ba a kan doki ba. Tsoron uwargida yana kan hanya, ka saurare ta da kyau, sai dai lokacin sayarwa bai yi ba tukuna. Abin da ka bayyana bai yi mini kama da mugun doki ba. Ko dai bai taɓa ganin waɗannan kaya ba, ko kuma akwai inda ke masa ciwo, kuma duka biyun ana ganowa.

Fara da ciwon. Dokin da ya sauya hali bayan an saye shi, likita ya kamata ya fara ganinsa kafin mai horo. A duba bayansa, a duba ko sirdin da ka sa masa ya zauna daidai, a duba haƙora da idanu da kofato, a yi tunanin gyambon ciki, domin sauyin barga da sauyin abinci suna tayar da shi. Ka lissafa abin da yake ci. Irin gajerun dawakin nan masu kauri ba sa buƙatar hatsi mai yawa, ciyawa da ingirici sun kusa isarsu, in ka cika masa hatsi kuma ba ya fita kiwo, ƙarfin zai fito ta hanyar zabura. Sannan akwai abin da ba na son faɗa amma dole: wasu dillalai marasa tsoron Allah suna yi wa doki allurar kwantar da hankali kafin mai saye ya zo, har da irin su fulufenazin da kan yi makonni a jiki. In an yi wa dokin cikakken binciken likita mai mataki 5 kafin ka biya, galibi ana ɗibar jini a ajiye wata 6. Kira likitan, in lokacin bai wuce ba a gwada jinin.

Game da wasan kansa, abin da ka gani a Leeds shi ne ƙololuwa, kuma masu yinsa sun shafe shekaru kafin su tsaya a wannan fili. Mai farawa yana somawa ne da tsinto zobe da tsinin mashi, da sare kawunan wasa da aka ɗora a kan sanduna yana kewaya su, da sare kara, da tsinto turken katako daga ƙasa, sannan dukan kwintan, wato garkuwar nan da ke kan gungume mai juyawa, wadda in ka doke ta ka yi sanyin wucewa buhun yashin ɗaya gefen ya same ka a baya. Kada ka raina zobe. Jihar Maryland ta Amurka ta mayar da shi wasan jiha tun 1962, a garin Sinj na Kuroshiya kuma duk watan Agusta ana gasarsa don tunawa da yaƙin 1715. Karon mutum da mutum ka ajiye shi nesa. Sarki Henri na II na Faransa ya rasu a Yulin 1559, kwana 10 bayan tsagin mashi ya shige masa ta ramin kwalkwali, kuma a 2007 irin wannan ya kashe wani ɗan wasa a nan Ingila, alhali mashin mai sassauƙan tsini ne da aka yi don ya karye.

Hawan sallar da ka yi zai amfane ka. Ka saba riƙe kamazuru da hannun hagu, dama tana ɗauke da mashi ko takobi, abin da Bature mai koyo kan sha wuya a kansa. Ka san nauyin kaya a jiki. Lifidi da sulke da kwalkwali ma ba baƙinmu ba ne: tarihin Kano ya danganta shigowarsu da Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Amma dokin da ka hau a Katsina ya tashi ne cikin gari, turkensa a ƙofar gida, babura da yara da makaɗa suna wucewa ta gabansa kullum, ya ji kakaki da algaita da harbin 'yan bindiga tun yana ɗan dukushi. Shekaru ne suka hora shi, ba ranar sallah ba. Naka na yanzu ya tashi a makiyaya mai shinge inda ba abin da ke motsi sai tumaki da iska. An kuma koya masa sauraron hannu biyu da linzami mai laushi. Linzamin gida mai zobe da harshen ƙarfe kada ya kusanci bakinsa, zai yanke shi, kuma dokar kare dabbobi ta 2006 ba ta wasa da irin wannan. Zamiyar jafi ma ka bar ta a gida. A nan ana so doki ya miƙe sak a kan layi, ya rage gudu a hankali, ya tsaya a ƙarshe a karɓi mashi daga hannunka.

To, yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan amsa da tsawo. Mutanen bargar nan biyu suna ganin shawararsu daban-daban ce, alhali kuskure ɗaya suke yi, kuma shi nake haɗuwa da shi kusan kullum: ɗaukar dokin da ya tsaya cak a matsayin dokin da ya saba. Magani yana sa doki ya tsaya. Ɗauri da tamfol ma yana sa shi ya tsaya. Babu ɗayansu da ke cire masa tsoro, sai dai su ɓoye maka alamun da za ka gani ka sauka tun da wuri.

Ɗauki maganin. Abin da ake matsawa a baki galibi asefuromazin ne, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Sedalin, ko kuma detomidin. Magunguna ne masu kyau, mu ma muna amfani da su, don aski, don gyaran haƙori, don dokin da ke jinyar rauni a ɗaki. A ƙasar nan ba a ba da su sai da takardar likitan da ya ga dokin, saboda haka wanda ya miƙo maka ragowar nasa ya riga ya taka doka, kuma bai san nauyin dokinka ba balle lafiyar zuciyarsa. Asefuromazin yana buɗe jijiyoyin jini, ƙarfin bugun jini ya sauka. Ba ya kashe ciwo ko kaɗan. Yana rage wa doki iya daidaita zafin jikinsa, yana sa ƙafa ta yi nauyi. Yanzu ka haɗa wannan da rana ta watan Yuli, da mayafin ado da ya rufe dokin daga wuya zuwa cinya, da gumi, da mutum da ƙarfe a bayansa, ana kuma neman ya yi sukuwa a kan ciyawa mai santsi. Tuntuɓe ɗaya ya isa, kai kuma mashi mai tsawon kusan mita 3 yana ƙarƙashin hammatarka, yara suna zaune bayan igiya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, in tsoro ya yi tsanani yana keta maganin. Dokin da ke gyangyaɗi yanzu, bindiga ta tashi ya zabura da dukkan ƙarfinsa, amma ba da dukkan iya takunsa ba. Sinadarin firgita da ke kwarara a jini a wannan lokaci, in ya haɗu da asefuromazin, yana iya ƙara saukar da jinin maimakon ya ɗaga shi, doki ya zube. A maza kuma, har da dandaƙaƙƙu ko da yake ya fi yawa a ingarmu, maganin kan sa gaba ya fito ya ƙi komawa, wani lokaci ya zama nakasa ta dindindin. Detomidin da 'yan uwansa irin su zailazin nasu ya fi haka: kai ya sunkuya har gwiwa, jiki yana tangaɗi, amma duk likitan dawaki ya san dokin da ke cikin wannan hali yana iya sakin harbi ba gargaɗi, kuma ya samu inda ya nufa. Takardar da ke cikin kwalin maganin da kanta ta yi gargaɗi a kan hawan doki bayan an ba shi. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta hana su a gasa.

"Kowa haka yake yi" ƙarya ce. Wanda ke yi ne yake faɗin haka don ya samu abokin laifi. Ƙwararrun da ka kalla a Leeds, da masu hawa a gasar fadar Arundel, ba za su yarda su fuskanci juna a kan dokin da ke cikin maye ba, domin ransu ya dogara ga kowane taku nasa. Ko da an ci sa'a ranar ta wuce lafiya, me ka samu? Abin da doki ya gani yana cikin maye ba darasi ba ne da za ka dogara da shi gobe. Taro na gaba sai ka sake ba shi, wataƙila ka ƙara yawa. Su kuma garin magani da ruwan kwalba da ake tallatawa a shaguna da sunan masu sanyaya doki, yawancinsu kuɗinka kawai za su ci, kuma ba su taɓa koya wa doki mece ce tuta ba.

Sai mai tamfol, wanda ya fi ba ni haushi, saboda shi yana ganin horo yake yi, kuma intanet cike take da bidiyon irinsa: a ɗaure doki, a yi ta kaɗa masa leda, bayan minti ashirin a nuno shi tsaye an lulluɓe shi, jama'a su yi ta yabo. Ba sa nuna waɗanda abin ya ɓaci. Doki dabbar gudu ce, in ya tsorata abin da jininsa ke ce masa shi ne ya ba da tazara. In ka hana shi tazarar, zai ja da baya da dukkan nauyinsa, kilo 500 a kan ragama da ƙashin wuya. Ko igiya ta tsinke ya kifa ta baya, ko ya ɗaga ƙafafun gaba ya faɗi ƙeya ta bugi ƙasa. Wannan faɗuwa tana fasa ƙashin gindin kwanya, jini ya fito ta hanci da kunne, kuma da yawa ba sa tashi. Duk wanda aka taɓa kira ya zo ya raba irin wannan doki da wahala ba ya sake kallon bidiyon nan da sha'awa.

In kuma bai ji rauni ba, ya kai inda mutumin yake kira sallamawa, je ka dube shi da kyau kafin ka yi murna. Leɓe a matse, haɓa ta yi tauri. Ƙofofin hanci a buɗe, numfashi gajere-gajere ko a riƙe. Fatar saman ido ta tattare ta yi kusurwa, ido ba ya ƙiftawa. Wutsiya a manne. Sa yatsu uku a ƙarƙashin muƙamuƙinsa, inda jijiya ke ratsa gefen ƙashi, ƙirga bugu na daƙiƙa 15 ka ninka sau 4. Dokin da ke hutawa yana bugawa tsakanin 28 da 44 a minti. Wannan da ke tsaye kamar an dasa shi za ka same shi sama da haka nesa. Bai daina tsoro ba, ya gane ne cewa motsi ba ya fisshe shi, sai ya daina gwadawa. Masu nazarin halayyar dabbobi sun san wannan yanayi tun shekarun 1960. A barga zai yi ta tsayawa har ka yarda da shi. Ranar taro kuwa ba turke, ba bango, ga fili a buɗe, ga abubuwa goma sababbi a lokaci ɗaya, kuma ka riga ka koya masa kada ya nuna maka komai. Dokin da yanzu yake gaya maka da kunne da wuya cewa ya tsorata, tun tuta tana nesa, shi ne zai fashe ba sallama. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kuma Malam, ko da babu haɗari ga mahayi, akwai hakki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, ya kuma ce alheri yana ƙulle a goshin dawaki har ranar ƙiyama. Dabbar nan ba ta nemi ta zama dokin barde ba, mu ne muke son wasan. Tsoratar da ita da gangan tana ɗaure, ko sa ta maye don kada mu ji kunya a gaban 'yan kallo, abu ne da za a tambaye mu. Kunyar da kake gudu ma ba ta nan. Mutanen da suka daɗe a wannan harka sun fi girmama wanda ya ce dokina bai shirya ba.

Hanyar da ke aiki ba ta da ban mamaki, shi ya sa ba a yi mata bidiyo. Ka samu abokin aiki ya riƙe tuta a nesa, kai kana riƙe da dokin da doguwar igiya, ba a ɗaure ba. Nemo tazarar da zai ɗaga kai ya duba amma yana iya sauke shi ya ci ciyawa. Daga nan ake farawa, ko da mita 30 ce. A kaɗa kaɗan. Da ya sauke wuya, ko ya ja dogon numfashi, ko ya soma tauna, a tsayar da tutar, a ja da baya, ka sosa masa gindin geza. Haka yake koyon cewa natsuwarsa ce ke kawar da abin. In ya zabura, an matso da yawa, a koma baya ba faɗa ba duka. Dabarar da na fi so ita ce a sa mai tutar ya juya baya ya yi ta tafiya, ku kuna binsa. Abin da ke gudun doki ba ya ba shi tsoro kamar abin da ke nufo shi, kuma za ka ga da kansa yana ƙara sauri don ya sansana. Minti 10 zuwa 15 ya isa a rana, amma a yi kusan kullum, ta dama da ta hagu, a wurare daban-daban. In akwai tsohon dokin da ya saba, a tsayar da shi kusa, ganin ɗan'uwa bai damu ba yana rage rabin aikin. 'Yan sandan doki na Landan ma wata da watanni suke ɗauka a kan wannan hanya kafin su kai doki bakin filin ƙwallo.

Sanda kuma akwai dalilin da ya sa ta fi firgita shi in kana kai. Doki yana gani kusan kewaye da shi, ban da bayansa sak da ɗan wurin da ke gaban goshinsa. Abin da ke hannunka yana fitowa ne daga sama, daga inda ba ya gani, ya faɗo masa gefen ido farat ɗaya. A karo ma mashin yana tsallake wuyansa ne daga dama zuwa hagu. Saboda haka fara da gora mara nauyi mai tsawon mita ɗaya, kana ƙasa, kana jan sa. Shafa masa ita a kafaɗa da baya da cinya. Daga nan ka hau, wani ya miƙo maka ita kana tsaye, ka mayar, a maimaita. Sai tafiya, sai sassarfa, tsawon gorar yana ƙaruwa sannu a hankali. Koya masa jin faɗuwarta ƙasa ta kowane gefe, domin ranar da abu ya rikice abu na farko shi ne ka jefar da mashi nesa da ku, kuma saboda haka ba a taɓa ɗaure shi a wuyan hannu. Ƙarar sulke, da ganin mutum cikin rufaffen kwalkwali, da ƙarar dukan kwintan, kowanne darasi ne mai zaman kansa, kuma kowanne daga nesa ake fara shi, kana ƙasa. Kafin ka nufi zobe da gudu, sai ya zama kana iya tayar da shi, ka juya shi, ka tsayar da shi da hannu ɗaya da matsin ƙafa, ya kuma tsaya minti guda kamazuru a sake. In layi ya samu, ka riƙa bin sa da tafiya fiye da yadda kake bin sa da sukuwa, in ba haka ba zai koyi cewa bakin layi wurin tashi ne, ya fara rawa da tutsu tun kafin a ba da alama. Ka sa ran wannan aiki zai ci kaka ɗaya cur, wataƙila fiye. Hular kwano ta hawa mai tambarin inganci, irin PAS 015, ba ta barin kanka a duk wannan, ana iya rufe ta da ƙyalle ta yi kama da ta zamanin.

Girman dokinka kada ya dame ka. Binciken jami'ar Exeter da aka bayyana a farkon 2022, wanda ya auna ƙasusuwan dawaki daga wurare 171 a Ingila, ya nuna yawancin dawakin wancan zamani ba su kai mita 1.48 a kafaɗa ba. Ƙattin da ake nunawa a finafinai dawakin jan kaya ne na baya-bayan nan. Abin lura shi ne nauyi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada kai da sirdi da kaya ku wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki. Mai kilo 500 ke nan kilo 100. Cikakkun kayan ƙarfe sukan kai kilo 20 zuwa 25, rigar sulke kaɗai ta haura 10, ga sirdi. Hau sikeli da kayanka duka ka yi lissafin da gaskiya. Mayafin ado kuma, duk da bai kai lifidinmu mai cushen audugar rimi kauri ba, yana riƙe zafi. Doki mai aiki a rana yana iya zubar da lita 10 zuwa 15 na gumi a awa guda. A sa mayafin daf da shiga, a cire da an fito, ruwa kuma kada ya yanke.

Takardu ba su da daɗi amma ka gama da su da wuri. Fasfon doki dole ya bi shi duk inda za a kai shi, kuma tun Oktoban 2020 kowane doki a Ingila sai da ɗan guntun lantarkin shaida a wuyansa. Rigakafin murar dawaki da na sandarewar jiki, wato tetanus, su kasance a rubuce, masu taro da yawa suna dubawa a ƙofa. Inshora ce ke ɓata mini rai, domin mutum yakan yi shekaru yana biya, sai ranar da abu ya faru a nuna masa wani ƙaramin layi da ya cire wasa da makami. Ko ta ƙungiyar British Horse Society gare ka ko ta kamfani, rubuta musu ka ambaci mashi da takobi da 'yan kallo ƙarara, ka ajiye amsar a rubuce. Tambayi ƙungiyarku ko tata inshorar ta haɗa da mahaya, kuma wa ke tantance sabon mahayi. Manyan ƙungiyoyi irin su Society for Creative Anachronism, wadda aka kafa a Kalifoniya a 1966, ba sa barin kowa ya ɗauki makami a kan doki sai alƙalin fili ya gwada shi. In taku ba ta da mai yin wannan, ko ka ji shugabanninta suna goyon bayan maganar magani, nemi wata. Takobi kuma, ko mara kaifi ne, ya zauna cikin jaka a bayan mota tare da katin ƙungiya, daga gida sai fili, domin dokar ƙasar nan tana neman ƙwaƙƙwaran dalili ga duk mai ɗauke da shi a waje.

Ranar taron ka je a matsayin mai taimako a ƙasa: miƙa mashi, rataya zobe, tayar da kawunan da aka sare, riƙe dokin wani. A nan za ka ga yadda tsofaffin dawaki ke numfashi a bakin layi, ka kuma gane wanda ya cancanci ka nemi darasi a wurinsa. Darasi biyu ko uku a kan dokin da ya riga ya iya za su raba maka matsala gida biyu, kada ya zama kai da dokinka kuna koyon mashi a rana ɗaya. In likita ya wanke shi, ya kuma fara bin tuta da kansa kafin lokacin, tambayi masu taron ko za ka iya kawo shi ya tsaya can nesa da fili, riƙe a hannu, na awa ɗaya, da koren ƙyalle a wutsiya don a san sabo ne, sannan ka mayar da shi gida tun bai gaji ba. In ka sake rubuto mini, ka haɗo da abin da likitan ya gani a bayansa da bakinsa, da abincin da yake ci a rana, da tazarar da yake iya cin ciyawa tuta tana kaɗawa.